YADDA ZA KA ZAƁI MAGUDANAR KWANON WANKE HANNU

A 'yan shekarun nan, in kaka ta yi kyau aka sayar da riɗi da zoɓo da gyaɗa, da yawa cikin 'yan ƙungiyoyinmu na Yalwawa da ƙauyukan da ke kewaye da Dutse sukan taɓa ɗan gini. Wani ya ta da ɗakin bulo, wani ya gyara makewayi ya shafe shi da siminti, wata ƙungiya kuma ta yi wurin wanke hannu kusa da ɗakin taro ko ɗakin shan magani. Wannan abin murna ne. A shekarar 2021 an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da cutar amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. A 2022 aka shaida cewa Jigawa ce jiha ta fari a ƙasar nan da ta rabu da yin bayan gida a fili. Amma gina masai rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne wanke hannu da sabulu bayan an fito, da sanin inda ruwan wankin zai tafi.

Saboda haka mutane suna sayen kwanon wanke hannu na tangaran da ake kafawa a bango, wanda masu aikin famfo suke kira besin. Waɗansu kuma magini ne yake zuba musu na siminti. To, a ramin da ke gindin besin akan ɗaura wani ɗan guntun ƙarfe ko roba, ta cikinsa ruwa yake bi ya shiga bututu. A nan za mu kira shi maƙogwaro, gama ta nan besin yake haɗiye ruwa. Kuɗinsa kaɗan ne, ba kowa ne ma yake duban irin wanda aka miƙo masa a kanti ba. Amma in ka sayi wanda bai dace da besin ɗinka ba, zai yi ta yoyo dare da rana a gindin bango. Manomi kuwa ya san abin da ruwa yake yi wa gindin bango, balle na ƙasa.

BESIN IRI BIYU NE

Kafin ka tafi kasuwa, sai ka dubi besin ɗinka da kyau. Waɗansu suna da wata 'yar ƙofa daga ciki, can sama kusa da baki, yawanci a ƙarƙashin famfo. Wannan ita ce ƙofar tumbatsa. Daga wannan ƙofa akwai ɓoyayyiyar hanya a cikin jikin tangaran ɗin, wadda ta gangara har zuwa ramin gindi. In ruwa ya cika yana shirin zubowa, sai ya bi ta nan ya sauka.

Waɗansu kuwa ba su da ita sam. Ƙananan besin masu araha da yawa haka suke. Haka nan masu kama da kwarya da ake ɗorawa a kan dakali ko tebur, da dukan waɗanda magini ya zuba da siminti.

In kana shakka, ka sa yatsa a ramin gindin ka shafa gefensa. A besin mai ƙofar tumbatsa za ka ji bangon ramin yana da kauri, da wani kogo a gefe inda ɓoyayyiyar hanyar ta ɓullo. A marar ƙofa kuwa za ka ji shi a shafe sumul, ba kogo ko kaɗan.

MAƘOGWARO MA IRI BIYU NE

Akwai maƙogwaro mai tsaga, akwai marar tsaga. Ka ɗauki ɗaya a hannu ka juya shi. Mai tsaga yana da ƙofa ɗaya ko biyu a wuyansa, ƙasa kaɗan da bakinsa. An yi tsagar domin ta haɗu da kogon nan na besin mai ƙofar tumbatsa, ruwan da ya biyo ɓoyayyiyar hanya ya sami wurin shiga. Marar tsaga kuwa jikinsa a rufe yake daga sama har ƙasa.

Ga ƙa'idar, ba ta da wuyar riƙewa. Besin mai ƙofar tumbatsa yana son maƙogwaro mai tsaga. Besin marar ƙofar tumbatsa yana son maƙogwaro marar tsaga.

In ka sa mai tsaga a besin marar ƙofa, ba kogon da zai rufe tsagar. Gindin irin wannan besin ba shi da kauri, saboda haka tsagar takan leƙo a ƙarƙashinsa ko ta faɗo daidai kan robar da ke hana yoyo. Duk lokacin da aka wanke hannu, wani ruwan zai bi bututu, wani ya bi ta tsagar ya ɗiga ƙasa. Mutane sukan ɗaure wurin da robar taya, ko su cusa siminti ko ƙaro. Yakan tsaya mako biyu ko uku, sa'an nan ya dawo. Wani kuma ya ci gaba da matse noti har tangaran ɗin ya tsage, ya yi asarar besin ɗungum.

In kuwa ka sa marar tsaga a besin mai ƙofa, ka toshe ɓoyayyiyar hanyar ke nan. Ruwan sabulu zai kwanta a ciki ya ruɓe ya yi wari, ranar da besin ya cika kuma ƙofar ba za ta yi maka aikin komai ba.

MAI MATOSHI KO MAI RARIYA?

Bayan ka san marar tsaga kake nema, sauran tambaya ɗaya. Waɗansu maƙogwaro suna da matoshi, ko na roba mai sarƙa, ko na ƙarfe wanda ake dannawa ya rufe, a sake dannawa ya buɗe. Waɗansu kuma ba sa rufuwa sam, rariya kawai gare su a baki domin tare datti.

Shawararmu ita ce, ga besin marar ƙofar tumbatsa ka zaɓi mai rariya wanda ba ya rufuwa. Ga dalili. A wurinmu ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba. Yaro zai murɗa famfo ya ga babu ruwa, ya tafi ya bar shi a buɗe. Can cikin dare a sako ruwa, ko da hantsi rana ta buga injin rijiyar burtsatse ya cika tanki, alhali kowa yana gona. In matoshi yana rufe, besin ba shi da wata mafita sai baki.

Bari mu yi lissafi. A ce famfonka yana cika jarka mai lita 25 cikin minti 5. Watau cikin awa ɗaya zai zubar da jarka 12, lita 300 ke nan, fiye da duro guda. Besin kuwa ko jarka ɗaya ba ya ɗauka. Duk sauran a ƙasan ɗaki zai malala, ya bi gindin bango, ya shiga ƙarƙashin buhunan hatsi ko na taki in akwai su kusa. In maƙogwaron mai rariya ne, ruwan ya ɓaci dai, amma ya bi bututu ya fita waje, ɗaki ya tsira.

A wurin da jama'a suke amfani da shi, kamar ɗakin taro, makaranta ko ɗakin shan magani, akwai dalili na biyu. Wanke hannu a ruwa mai zuba ya fi tsabta bisa ga tsoma hannu a ruwan da aka tare. In ba matoshi, ba wanda zai tare ruwa mutum biyar su wanke hannu a ciki.

Amma ka lura da abu ɗaya. Besin marar ƙofar tumbatsa yakan yi nawar haɗiye ruwa in ƙofofin rariyar ƙanana ne ƙwarai. Dalili shi ne iska takan maƙale a cikin maƙogwaron, ruwa ya rufe ƙofofin daga sama, iskar ta rasa hanyar fita. Ka tuna yadda kalanzir yake ƙin sauka in mazurari ya matse bakin kwalba. A besin mai ƙofa iskar takan fita ta ɓoyayyiyar hanyar nan. Saboda haka ka nemi rariya mai manyan ƙofofi, ko kuwa irin mai 'yar hula a sama wadda ruwa yake shiga ta ƙarƙashinta ko'ina kewaye.

In lalle kana bukatar tare ruwa, misali domin wankin kayan jariri, ka sa ƙaramar roba a cikin besin ka yi wankinka, ka zubar. Ya fi sauƙi, ba shi da hatsari.

ABIN DA ZA KA DUBA A KANTI

Ko a Dutse za ka saya, ko ka ba da sautu zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ka duba waɗannan abubuwa huɗu.

1. Faɗi. Na besin ɗin wanke hannu yawanci inci ɗaya da kwata ne, watau milimita 32. Na wurin wanke-wanke da na bahon wanka inci ɗaya da rabi ne, watau milimita 40. Da ido suna kama da juna. Ka ɗora takarda a kan ramin besin ɗinka, ka zana da'irarsa, ka tafi da takardar. Bakin maƙogwaron ya fi ramin faɗi, jikinsa kuma ya shige ba tare da tilas ba.

2. Tsawo da zare. Zare shi ne layin da noti yake hawa. Ga besin na tangaran marar kauri, ka tabbata zaren ya hau har kusa da baki, in ba haka ba noti zai ƙare tafiyarsa bai kai ga matse gindin ba. Ga na siminti mai kauri kuwa, dogo za ka nema. Ka auna kaurin gindin da tsinke, ka karya tsinken daidai, ka sa a aljihu.

3. Abin da aka yi shi da shi. Na tagulla da aka shafe da farin ƙarfe shi ya fi daɗewa. Yana da nauyi a hannu, in ka leƙa cikinsa ko ka ɗan kankare zaren za ka ga ruwan ɗorawa. Na ƙarfen da ba ya tsatsa ma yana da kyau. Na roba mai kauri ba laifi gare shi, ga araha, ba ya tsatsa. Wanda za ka guje wa shi ne mai ƙyalli a waje, marar nauyi, mai launin toka a ciki. Irin wannan yakan ci ya ruɓe, notinsa ya kafe. Araha ba ta ado.

4. Robobi da noti. Ka ƙirga su a gaban mai kanti: roba ta sama wadda take zama ƙarƙashin baki, roba ta ƙasa, da noti. Ka gwada notin ya hau ya sauka lafiya kafin ka biya.

ƊAURAWA DA GWAJI

Ka share ramin ya bushe. Ka sa robar sama, ka zura maƙogwaron, ka sa robar ƙasa, ka murɗa noti da hannu har ya tsaya, sa'an nan ka ƙara kaɗan da sufana. Kada ka nuna ƙarfi, tangaran ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. In besin na siminti ne, ka ba magini maƙogwaron tun kafin ya zuba, domin ya bar rami daidai da shi, ya kuma sa ƙasan besin ya gangaro zuwa ramin ta kowane gefe. Tun ran gini ran zane.

A ƙarƙashin maƙogwaro dole a sa abin da yake riƙe ɗan ruwa kullum. Wani bututu ne lanƙwasasshe kamar ƙugiya, wani kuma kamar 'yar kwalba yake. Ruwan da ya kwanta a ciki, mai zurfin inci 2 ko 3, shi yake tare wari da kyankyaso da sauro kada su biyo bututu su shigo ɗaki. Ga mutanenmu mai kamar kwalba ya fi, gama ana kwance gindinsa da hannu a zubar da abin da ya taru. Manomi yakan dawo da ƙasa a hannu, mata kuma sukan yi wanke-wanke da toka da yashi, duk a nan za su kwanta. Ka kwance ka wanke sau ɗaya a wata. In besin ya daɗe ba a taɓa shi ba, musamman da hunturu da bazara, ruwan cikin yakan ƙafe, wari ya taso. Maganinsa moɗa ɗaya ta ruwa kowane mako.

Da ka gama, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, ka juye bokiti guda a besin gaba ɗaya. Ka shafa kowace mahaɗa da yatsa. Ko ɗigo ɗaya ka gani a takardar, aiki bai ƙare ba. Kada ka sallami mai aikin famfo sai an yi wannan gwaji a gabanka.

INA RUWAN ZAI TAFI?

Maƙogwaro mai kyau ba shi da amfani in bututun ya ƙare a bayan bango, ruwa yana kwanciya a nan. Kwatami yakan jiƙa harsashin gini, yakan haddasa faɗa da maƙwabci, ga shi gonar sauro ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ba ya wuce kwana 7 zuwa 14 lokacin zafi.

Bututu ya gangara inci ɗaya a kowace ƙafa 4. In tafiyar ta wuce ƙafa 5 ko 6, ka ƙara faɗinsa zuwa inci ɗaya da rabi ko inci 2. Bututun roba ba ya son rana, yakan bushe ya fashe, sai ka binne shi ko ka shafa masa fenti.

Kada ka kai shi ramin masai. Ruwa zai cika ramin da wuri, a ƙasa mai rairayi kuma yana iya sa bangon ramin ya rufta. Ka haƙa masa nasa ramin tsotse ruwa, wanda ake kira sokawe. Ga besin ɗaya na gida, rami mai faɗin ƙafa 3 da zurfin ƙafa 4 ko 5 yakan isa. Ka cika shi da manyan duwatsu a ƙasa, matsakaita a tsakiya, tsakuwa a sama. Dutse kuwa ba ya yi mana wuya a nan. A bakin bututu ka ajiye tsohuwar tukunya da aka huhhuda gindinta, ka sa ciyawa ko ɓawon gyaɗa a ciki, domin su tare maiƙo da datti. Ka riƙa sake ciyawar kowane mako biyu. Ka rufe saman ramin da buhu da ƙasa, ko da murfin siminti, kada sauro ya sami ruwa a fili.

Ramin ya yi nesa da bango kamar ƙafa 10 zuwa 15. Ya yi nesa da rijiya ƙafa 100, watau mita 30, ya kuma kasance ta gangare, ba ta tudun rijiyar ba.

Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. A jigawa mai rairayi ruwa yakan nutse nan da nan. A gindin duwatsu kana iya cin karo da fa tun ba ka yi ƙafa 2 ba. A bakin fadama kuma laka ce, da damina ruwan ƙasa yakan taso kusa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022. Saboda haka ka gwada kafin ka sha wahalar haƙa. Ka tona ɗan rami mai zurfin ƙafa 2, ka cika shi da ruwa ya shanye, ka sake cikawa da yamma. In da safe ka tarar ya ƙafe, wurin ya yi. In ruwa yana nan kwance, sokawe ba zai yi aiki a nan ba.

A irin wannan wuri, ka ja bututun zuwa wani kwari marar zurfi nesa da ɗaki, ka cika shi da ciyawa da ganye, ka dasa ayaba ko gwanda ko zogale kewaye da shi. Itatuwan za su sha ruwan, kai kuma ka ci amfaninsu. Amma kada a zuba ruwan wanki a kan ganyen da ake ci ɗanye, kamar latas da kabeji.

Wanda ba shi da famfo ma wannan magana ta shafe shi. Bokiti mai famfo a gindi, irin wanda ya yawaita a 2020 lokacin annobar korona, ana iya ɗora shi a kan besin, ruwan ya bi wannan hanya ɗaya zuwa sokawe, maimakon a tara shi a roba a watsa a tsakar gida.

AIKIN ƘUNGIYA

A taronku na gaba, ku zaɓi mutum biyu su zaga gidajen 'yan ƙungiya da ɗakin taro, su duba kowane besin. Su amsa waɗannan tambayoyi, su rubuta a littafi:

Besin ɗin yana da ƙofar tumbatsa ko ba shi da ita?
Maƙogwaronsa mai tsaga ne ko marar tsaga, yana rufuwa ko ba ya rufuwa?
Akwai danshi ko farin gishiri a bangon da ke ƙarƙashinsa?
Ina bututun ya ƙare, ƙafa nawa ne kuma tsakaninsa da rijiya?

In an sami gidaje da dama masu bukatar canji, ku haɗa kuɗi ku sayi kayan gaba ɗaya, kamar yadda kuke yi da taki da iri. Mutum ɗaya da ya gane bambancin mai tsaga da marar tsaga ya tafi da takardun awo na kowa. Haƙan sokawe kuma aikin gayya ne na rabin yini. Ku yi shi da rani, tun ƙasa tana bushe, kafin ruwan fari ya sauka kowa ya koma gona.